Kafin Ku Hau Doron Olomana



Ɗana, 'yata, a 'yan shekarun nan hawan dutse ya shiga ran matasanmu. Da wuya Asabar ta wuce ba a ga ayarin samari da 'yan mata da jakunkuna a baya ba, ko a duwatsun Shere na Jos, ko a Kufena ta Zariya, ko a tsaunukan da suka kewaye Abuja. Abin yana yi mini daɗi, domin ya fi zaman majalisa ana cin naman mutane, jiki kuma yana samun rabonsa. Sai dai karatu da neman abinci suna kai wasunku ƙetare, har tsibiran da ke tsakiyar teku, kuma sukan tafi da tunanin cewa dutse dutse ne, wanda ya hau ɗaya ya hau duka. Na zauna a tsibirin Oahu na jihar Hawai ta Amurka, can tsakiyar tekun Fasifik. Na hau duwatsunsa tare da abokai, na kuma ga yadda ake sauko da wasu a jirgi mai saukar ungulu. Abin da idona ya gani zan faɗa muku, in kunne ya ji, gangar jiki ta tsira.

Ku fara sanin irin ƙasar da za ku taka. Aman wuta ne ya haifi Oahu. Jerin duwatsun da ake kira Ko'olau, waɗanda suka tsaya a bayan birnin Honolulu, ragowar wani tsohon dutse ne mai aman wuta da ya haura shekara miliyan 2 a duniya. Ɓangarensa na gabas ya zabtare ya faɗa teku, ruwan sama kuma ya yi ta zaizayar abin da ya rage, yana haƙa kwari ta nan yana haƙa ta can, har abin da ya saura tsakanin kwari da kwari ya zama siririn doro. A kan wannan doron ake tafiya. A wasu wuraren faɗinsa bai wuce inda za ka ajiye ƙafa biyu ba, dama rami, hagu rami. Wanda ya taɓa bin saman katangar laka da ƙuruciya, washegarin ruwan sama, ya san yadda abin yake, sai dai wannan katangar in an faɗo ba a tashi a karkaɗe riga.

Falalen Kufena dutse ne mai tauri, in ka kama shi zai riƙe ka. Na Ko'olau ruɓaɓɓe ne, ruwa da zafi sun cinye ƙarfinsa. Za ka ga wani ɓangare ya turo kai, ya yi kama da abin dogara, ka kama ka ja, sai ya biyo hannunka ya marmashe ya koma jar ƙasa. A watan Mayun 1999 duwatsu suka zubo wa masu yawon buɗe ido a wata magangarar ruwa da ake kira Sacred Falls, mutum 8 suka rasu, kuma tun daga lokacin wurin yake a rufe. Saboda haka duk abin da za ka ɗora wa nauyinka, dutse ne ko saiwar itace, ka bubbuga shi, ka girgiza shi tukuna. Akwai kuma wata ciyawa da mutanen wurin suke kira uluhe, mai sarƙewa ta yi kauri ta leƙa bakin rami. Ita ce take sa doron ya yi kamar yana da faɗi. Ka taka ta da zaton ƙasa ce, ashe iska ce a ƙarƙashinta. Ka tsaya a kan jar ƙasar da idonka yake gani, inda sawun mutane yake.

Dutsen da na fi so ku sani shi ne Olomana, kusa da garin Kailua. Ƙololuwa uku gare shi, a jere a kan doro ɗaya. Ta farko ita ce mafi tsawo, kimanin mita 500, kuma daga kanta ake ganin duk abin da ake zuwa gani: shuɗin teku, koren kwari, da bangon Ko'olau a miƙe gajimare na yawo a kansa. Kafin a kai gare ta ma akwai wuraren da sai an haɗa da hannu, an kama igiya. Ta biyu ba ta da nisa sosai. Daga ta biyu zuwa ta uku ne ake gangarawa wata gangara mai kama da bango, sannan a sake hawa ta kan doro mai kaifi da ruɓaɓɓen dutse. Mutane da dama sun faɗo sun mutu bayan sun wuce ƙololuwar farko, har aka kafa allon gargaɗi a kan hanyar. Abin da zai ba ka mamaki shi ne ta ukun ba ta kai ta farko tsawo ba, kuma ba abin da za ka hango daga can wanda ba ka riga ka gani ba. Ana zuwa ne kawai don a ce an je.

Na sha zama a kan ƙololuwar farko ina hutawa, ina kallon ayari na zuwa ayari na wucewa, kuma abu ɗaya nake ta gani. Abokai huɗu ko biyar su iso suna haki suna dariya. A sha ruwa, a ɗauki hoto. Sai ɗaya, wanda ya fi kowa ƙarfi, ya nuna gaba da haɓa ya ce, “To, mu ƙarasa.” Ka duba gefe za ka ga wani ya yi shiru. Ya zauna daɓas, hannayensa biyu a dafe da ƙasa, gwiwarsa tana rawa, yana ta buɗe gorar ruwa yana rufewa ba tare da ya sha ba. Ya ce, “Anya kuwa?” A ce masa, “Haba, mun zo har nan sannan mu koma? Ai saura kaɗan.” Wani ya ƙara da zolaya, “Kai dai ka cika tsoro.” Sai ya yi ɗan murmushi, ya miƙe, ya ce, “Mu je.” Ɗana, a duk dutsen nan ba abin da nake tsoro kamar wannan murmushin. Mutum ne jikinsa ya gaya masa gaskiya, ya ƙi ji saboda idon abokai.

Magabata sun ce tsoro na daji, kunya na gida. Mu mutane ne masu kunya da kara da kawaici, an rene mu a kan kada mu ba abokin tafiya kunya, kada mu zama mu ne muka ɓata wa jama'a shiri. Halaye ne masu kyau, kuma ba na so ku rabu da su. Amma a kan doron dutse kara tana kisa. Tsoron da kake ji a wurin ni'ima ce, shi ne yake sa ka riƙe da kyau, ka duba inda za ka taka. Idan ya yi yawa har ƙafa ta fara kakkarwa, jiri ya fara ɗibarka, to ka kai iyakarka ta wannan ranar, kuma ba wanda ya isa ya auna maka ita sai kai. Mai rawar ƙafa a fili bai rasa komai ba, amma a inda faɗin hanya bai wuce taku ɗaya ba, rawar ƙafar kanta ita ce take kayar da mutum.

Ga abin da nake roƙonku. Tun kuna ƙasa, kafin a ɗaure takalmi, ku yi magana a fili, kowa ya ji da kunnensa: duk wanda ya ce ya tsaya, an tsaya. Ba a tambayarsa dalili, ba a lallashinsa, ba a barinsa ya zauna shi kaɗai a kan dutse yana jiran a dawo, ba a kuma barinsa ya sauka shi kaɗai. Bayan an koma gida ma kada a mai da shi abin tsokana a WhatsApp, domin in aka yi masa dariya yau, gobe ba zai faɗa ba, zai bi ku a kan dole.

Kai kuma da Allah Ya hore wa ƙarfi da ƙarfin zuciya, nauyin ya fi yawa a kanka. Kai kake gaba, kai ake kallo. In ka lura abokinka ya yi shiru, fuskarsa ta canza, kada ka jira ya furta, domin mai yiwuwa ba zai iya ba. Riga shi. Ka ce, “Ni dai nan ta ishe ni, mu juya.” Kowa ya san za ka iya ƙarasawa, don haka ba wanda zai kira ka matsoraci, shi kuma ka rufa masa asiri ba tare da ya roƙa ba. Na ga wani saurayi ya yi haka, ya ce wai gwiwarsa ce take damunsa, alhali ƙalau yake, ni ina bayansu na ga yadda ya sauko kamar ba a kan dutse yake ba. Ban san sunansa ba, amma har yau in ana maganar jarumta shi nake tunawa. Addininmu ma ya koyar da cewa matafiya su naɗa wa kansu shugaba. Kada ku naɗa wanda ya fi sauri. Ku naɗa wanda zai iya cewa a'a ko da ransu zai ɓaci, sannan ku sa wanda ya fi rauni a bayansa kai tsaye, domin tafiyar ta zama daidai da takunsa. Sannu ba ta hana zuwa.

Ku yanke lokacin juyawa tun da safe, ku ce in ƙarfe kaza ta yi, duk inda muke za mu koma. Doron dutse mayaudari ne. Za ka hangi tsini ka ce shi ne ƙarshe, ka isa ka tarar da wani a bayansa, hangen Dala ba shiga birni ba ne. A Honolulu cikin watan Disamba rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 6, kuma kamar yadda kuka sani a gida, tsakanin faɗuwarta da duhu ba wani nisa. A ƙarƙashin itatuwa da cikin kwari duhun yana riga magariba sauka. Kowa ya riƙe tocila tasa, kada a dogara da fitilar waya, domin cajin da za ka ƙone wajen haska hanya shi ne za ka nema in ana bukatar kiran taimako.

Matasa sukan yi lissafin hawa su manta da sauka. Ni a ganina sauka ta fi haɗari. Lokacin hawa idonka yana ganin inda hannu da ƙafa za su je. Lokacin sauka ƙafa ce take lalube a inda ido ba ya gani, ga gajiya, ga zumuɗin an gama. Kafin ka haye kowane wuri mai tsayi, ka waiwaya ka tambayi kanka ko za ka iya dawowa ta nan. In amsar ba ta fito da sauri ba, kada ka hau. A wuri mai tsananin gangara ka juya ka fuskanci dutsen, ka sauka da baya, kana motsa gaɓa ɗaya a lokaci guda, sauran ukun suna riƙe. In ta kama a zauna a ja jiki, a zauna. Wando ne kawai zai yi datti.

Igiyoyin da za ku tarar a hanya, ku yi hattara da su. Galibinsu masu hawa ne irinku suka ɗaura suka tafi, ba wanda yake zuwa ya duba lafiyarsu. Rana ta dake su, ruwa ya jiƙa su, dutse ya goge su, wata ma a jikin ɗan itacen da bai fi kaurin hannu ba aka ɗaure ta. Ka ja ta da ƙarfi ka gwada, ka ɗauke ta a matsayin mataimakiya, nauyinka ya kasance a kan ƙafarka. Mutum ɗaya ne yake kama igiya a lokaci guda. Na ƙasa kuma ya kauce daga saitin na sama, kuma duk wanda ƙafarsa ta tunkuɗo dutse ya yi ihu nan take, kada ya tsaya jin nauyi.

Sai maganar sama. Iskar da ta fi kaɗawa a Hawai daga arewa maso gabas take zuwa, ɗauke da danshin teku. In ta bugi bangon Ko'olau sai ta hau, ta yi sanyi, ta zama gajimare da ruwa. Shi ya sa za ka bar bakin tekun Waikiki rana tana ƙwallewa, ka iso kan dutse ka tarar ana yayyafi. Gajimare yakan rufe doro cikin 'yan mintoci, har ka daina ganin abokinka da ke gabanka. In kana so ka san ƙarfin iskar, ka je wurin da ake kira Nu'uanu Pali, inda mota take kai mutum har bakin dutsen. A nan ne a shekarar 1795 mayaƙan Sarki Kamehameha suka tura ɗaruruwan mayaƙan Oahu har suka faɗa ƙasa. Ka tsaya a wurin ka ji yadda iska take ture babban mutum, sannan ka ƙiyasta kanka a kan doron da ba shi da abin dafawa. In an yi ruwa jiya, yau jar lakar nan santsi ce zalla. Ranar da sama ba ta yi kyau ba ku fasa, ko da kun yi sati kuna shiri, ko da jibi za ku bar tsibirin. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kayan jiki ba sai na tsawaita ba. Takalmi mai ƙaya a ƙasa wanda yake kama laka, ba silifas ba, ba kambas mai sulɓin tafi ba. Ruwa aƙalla lita 2 ga kowane mutum, da dabino ko gyaɗa, da usur. Kada ku sha ruwan rafi duk kyan da ya yi, domin akwai wata ƙwayar cuta da fitsarin ɓeraye da aladun daji yake sakawa a ciki, tana shiga jiki har ta ƙujewar fata. Kada kuma a hau irin wannan dutse da azumi a baki, ƙishi yana kawo jiri.

'Yata, ke ma ina da magana da ke. Ba sai kin bar suturarki ba kafin ki hau dutse, amma doguwar abaya da hijabi mai jan ƙasa ba na doro ba ne. Iska tana cika su ta ja ki, reshe yana kama su, kina iya taka bakin rigarki a daidai inda ba a son tuntuɓe. Ki sa wando mai yalwa da riga zuwa gwiwa, ki ɗaura ƙaramin hijabi ki cusa bakinsa cikin riga, kin rufu kuma kin tsira. Kada ki yarda tsoron a ce mata ba sa iyawa ya sa ki wuce inda zuciyarki ta tsaya. Ki kuma lura da wani abu: samari sukan ƙara wauta in akwai 'yan mata a ayari. In kika ga wani yana tsalle a bakin rami don ki gani, ki kau da kai, ki ce ke kam kin juya. Sau da yawa maganarki ce za ta sauko da kowa.

Hoto kuwa, ba na hana ku. Amma hoton da ya ja ku zuwa wurin, wanda kuka gani a Instagram mutum ya tsaya da ƙafa ɗaya ya buɗe hannuwa, ba ya nuna iska, ba ya nuna santsi, ba ya nuna waɗanda suka gwada ba su dawo ba. In za ka ɗauka, ka tsaya cak, ka zauna in da hali, ka ɗauka, ka mai da wayar aljihu, sannan ka motsa. Ba a tafiya ido na kan waya, ba a kuma ja da baya don hoto ya yi kyau. Tsalle ɗaya yake jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba.

Akwai wani tsani a Oahu da ya yi suna a duniya, wanda ake kira Ha'iku, da aka san shi da matakala 3,922. Sojojin ruwan Amurka ne suka fara kafa shi a 1942 domin wata tashar rediyo ta yaƙi. An rufe shi ga jama'a tun 1987, kuma a 2021 majalisar birnin Honolulu ta amince a cire shi. Duk da haka mutane sun yi ta satar hanya da tsakar dare, suna tsallaka shingayen gidajen mutane, don su ɗauki hoto a kansa. In abokai suka kawo muku irin wannan shawara, a can ko a wani wuri, ku ƙi. Akwai tara mai nauyi, kuma kai baƙo ne da biza a hannu, sunanka a takardar 'yan sanda yana iya taɓa karatun da iyayenka suka sayar da kadara suka tura ka. Ban da haka, wanda ya shiga inda aka hana yakan ji tsoron kiran taimako in abu ya faru, sai ya yi ta jinkiri har ƙaramin rauni ya zama babba.

Ku tuna kuma ba ranku kaɗai kuke sawa a haɗari ba. A Oahu 'yan kwana-kwana ne suke zuwa ceto, sau da yawa da jirgi mai saukar ungulu, a cikin iskar nan da gajimaren nan da na faɗa muku. A 1995 jirginsu ya faɗi a duwatsun Ko'olau ana cikin neman wani matashi da ya ɓace, matuƙin da 'yan sanda biyu suka rasu. Su ma suna da iyali. Wannan ba yana nufin ku ƙi kira ba. In kun maƙale ko wani ya ji rauni, ku kira 911 da wuri tun da sauran haske da caji, ku faɗi inda kuke, ku zauna a wurin. Kada ku ce za ku yanke ta kwari don ku gajarta hanya, kwarurukan nan sukan ƙare ne a bakin magangarar ruwa.

Ƙasar tana da masu ita. 'Yan asalin Hawai suna girmama duwatsunsu, akwai wuraren ibadar kakanninsu da kaburbura a cikinsu. Ko ba ka yarda da abin da suka yarda da shi ba, kai baƙo ne, kada ka ɗauki dutse, kada ka rubuta sunanka a jikin komai, kada ka bar leda. Ka goge lakar takalminka kafin shiga da bayan fita, domin akwai wata cuta da take kashe itacen ohi'a, wanda shi ne ƙashin bayan dazuzzukansu, kuma laka tana iya ɗaukar ta daga wuri zuwa wuri.

Ban rubuta wannan don in hana ku ba. Ku je ku hau, ku ga ikon Allah daga sama, ku ci guzurinku tare a kan ƙololuwar farko, irin wannan zumuncin yana daɗewa a zuciya. Amma kafin ku fita, ku gaya wa wani da zai zauna a gida sunan dutsen, da sunayen waɗanda kuke tare, da lokacin da ya kamata ya ji daga gare ku. In kun sauko ku kira shi, sannan ku kira mahaifiyarku. Allah Ya kai ku lafiya, Ya dawo mana da ku lafiya.